Anko Ruwan Toka

Duk macen da ta taɓa zuwa biki ko suna a cikin Hausawan Greensboro, can Amurka, ta san ɗinkin Anti Chamsiya, ko da ba ta san fuskarta ba. Gidanta yana Glenwood, ɗan gidan katako mai baranda, a tsakiyar gidajen 'yan jami'a masu jingine keke a bakin ƙofa su bar kwalin abinci a kan ciyawa. Ɗakin baya shi ne shagon: keken ɗinki biyu, tebur, dogon madubi mai tsaga a kusurwa, da taga mai karkarwa duk lokacin da bas ta wuce.

'Yar Damagaram ce. Ta biyo mijinta, Malam Rachid, wanda ya ce mata shekara biyu kawai za su yi su koma. Yanzu kansa ya yi fari fat a bayan sitiyarin motar kai kaya, shekara biyun nan kuwa tana nan tafe, ba ta iso ba tukuna. Chamsiya ta yi aikin ninke safa a wata masana'anta har masana'antar ta gaji ta rufe, sai ta koma ga sana'ar da gwaggonta ta koya mata tun tana budurwa.

Anko shi ne gonarta. Kuma tana da doka biyu da ba ta karyawa ko don uwar amarya. Ta farko, yadi ɗaya ne amma kowace da nata ɗinkin, domin a wurinta anko ba yunifom ɗin makaranta ba ne. Ta biyu, ba ta sa almakashi sai ta auna mutum da hannunta. Wadda ta turo awo ta waya ta ɓata lokacinta, don Chamsiya ta ce har yanzu ba a haifi macen da za ta faɗi gaskiyar ƙugunta ba. Haka matan manya ke tuƙo mota tun daga Pleasant Garden su zo su tsaya gaban tsagaggen madubi, hannu a buɗe, ciki a tsuke, ita kuwa tana zagaya su da tef ɗinta, wanda take kira metir irin na mutanen Nijar, tana cewa, "Saki numfashin, Hajiya, ba a gidan biki za ki sake shi ba, zif ya watse."

Mace ɗaya ce kawai a garin nan take yanka wa yadi ba awo. 'Yarta ce, Raihana, ita kaɗai Allah ya ba ta.

Tun Raihana na rarrafe, ba ta san kayan kanti ba. Uwar ce ke ɗora ta a kan kujera, ta ce buɗe hannu, yarinya ta buɗe kamar za ta tashi sama, tana sosa ƙwaurinta da ɗayar ƙafar don ƙosawa. Sai da ta fara zama budurwa, wata rana ta dawo daga makaranta ta cire wata koriyar atamfa mai hannun fulawa, ta ninke ta da kyau, ta ajiye a kan teburin ɗinki. Ba ta ce ga abin da aka faɗa mata ba, uwar ma ba ta tambaya ba. Daga ranar sai wandon jins da wasu manyan rigunan sanyi masu kama da buhun gero, waɗanda ba a gane mutum ne a ciki ko biyu.

Chamsiya ba ta daina ba. Kowace sallah sai ta ɗauko awon ƙarshe da ta riƙe a kai, ta ƙara ɗan yatsa nan, ɗan yatsa can, ta ɗinka. Raihana ta karɓa ta ce da Turanci ya yi kyau, Mama, na gode. Ranar idi kuma ta zo da baƙar abaya ta kanti. Ta gama jami'a, ta sami aiki a wani ofis mai taimaka wa mata da harkar shari'a, ta kama ɗaki a cikin gari. Tana zuwa, ba a ce ba ta zuwa ba. Ta ci tuwo, uwa na yi mata Hausa tana mayar da Turanci, ta sumbaci iskar da ke kusa da kumatun uwar ta tafi. Matar da ta dafa kafaɗar kowace mace a garin, har da waɗanda ba ta ƙauna, ta manta rabon da ta dafa ta 'yarta.

Wata Asabar da hantsi sai ga Raihana tana jan bandir-bandir na yadi daga bayan mota, duk launi ɗaya. Ta ce riga talatin ake so, ta mata, iri ɗaya, za a sa a gaban kotu nan da wata guda.

To, ku faɗi gaskiya, wace uwa ce za ta ji yadi ɗaya, mata talatin, da kotu, a ƙasar da ake ɗaura aure a kotu, zuciyarta ba ta yi tsalle ba? Kafin Raihana ta sauke bandir na ƙarshe, Chamsiya ta riga ta gayyaci Damagaram, ta zaɓi mai girki, ta yafe wa angon ko wane ne shi. Abu ɗaya ya dame ta, launin. Ruwan toka ne, irin na bargon asibiti.

"Wane ne ya zaɓar miki wannan? In danginsa ne, tun yanzu ki san da su wa za ki zauna."

Raihana ta yi dariya har ta dafa ƙofa, sannan ta ciro waya ta yi bayani. Akwai wani wasan kwaikwayo mai dogon zango da ake nunawa a talabijin, labarin wata ƙasa ta nan gaba inda masu mulki suka yanke cewa hannun mace shi ne asalin kowace fitina. Saboda haka duk macen da za ta fita sai ta sa doguwar riga ruwan toka mai hular da ke rufe goshi, hannun rigar dogo, an ɗinke bakinsa ruf. Ba ta rubutu, ba ta buɗe ƙofa, ba ta nuna kowa da yatsa. Matan da ke kallon wasan, a garuruwa da dama, sai suka fara ɗinka rigar suna sawa, su je su jeru shiru a gaban ofisoshin gwamnati duk lokacin da maza suka zauna yanke hukunci a kan jikin mata. Yanzu ana ja-in-ja a kan wata doka da ta shafi yadda likita zai taimaki mai ciki idan cikin ya zo da matsala. Su ma za su tsaya.

Chamsiya ta daɗe tana kallon hoton rigar a wayar. Angon ya tafi, mai girki ta tafi. Ta ce in ban da hannun, wannan ai hijabinta ne na zuwa masallaci, ashe ita ce dodon da ake tsorata Amurka da shi.

"Ke kika ɗinka naki, Mama," in ji Raihana. "Su ɗinke su aka yi a ciki."

Sai uwar ta tambayi abin da ya fi damunta: ita ma za ta sa? Raihana ta ce ƙwarai. Hannun Chamsiya ya tafi wuyanta da kansa ya kamo metir. Ta ce to, zo ki tsaya.

Raihana ta ja da baya taku ɗaya, a hankali, ba da faɗa ba. Ta ce ba awo. Girma ɗaya za a yi wa kowa, ba ado, ba kamu, ba aljihu. Amfanin abin ke nan, kada a gane wace ce wace. Ta sumbaci iska ta tafi, ta bar uwar da metir a hannu da tulin toka a ƙasa.

Tela ba ta ɗinka abin da ba ta gani yana tafiya ba, don haka dole aka kalli wasan. Mai nemo shi a waya ita ce Confidence, ƙawarta 'yar Kumasi, wadda ta tashi a zango ta iya Hausa irin tasu. Tana aikin kula da tsofaffi, ranar hutunta kuma ta zo ta yi wa Chamsiya guga a biya ta da shayi da gulma. Suka jingina wayar da ƙullin zare. Da farko Chamsiya ba labarin take kallo ba, ɗinkin take kallo, tana tsaki. Can ta sa aka tsayar da hoton, ta matso da tabarau. Ta ce a duba tauraruwar wasan da kyau: an kama mata ƙugu, an zaunar mata da kafaɗa. Duk sauran an zuba su a buhu, ita kaɗai aka auna.

"Ei, Maame," in ji Confidence, yadda ake kiran mace a Kumasi, "mutane suna kuka, ke kina duba kalmasa."

Amma wasan ya kama ta, irin kamun da ba a so a faɗa. Akwai wurin da ake ɗauke 'yar wata mata a mota za a kai ta makarantar horo, wuyan rigar yarinyar ya lanƙwashe. Uwar ta ɗago hannu za ta gyara, sai ta tuna hannun a ɗinke yake. Ta sunkuya ta gyara da haɓarta. Chamsiya ta miƙe ta ce bari ta duba tukunya. Confidence, da yake tana da kirki wani lokaci, ba ta tuna mata cewa ba a ɗora komai ba.

Ta ɗinka ashirin da tara yadda aka ce. Ta ce tun da ta fara sana'a ba ta taɓa yin aiki mai sauƙi da ciwo irin wannan ba, kowane bakin hannu da ta rufe sai ta miƙe yatsunta ta kalle su. Ta talatin kuwa, ta bar ta sai ƙarshe. Idan masu wasan da kansu sun auna tauraruwarsu, ita wace ce da za ta zuba tata a buhu? Ta ɗauko awon nan na cikin kai, ta ƙara ɗan yatsan bana. Ta zaunar da kafaɗa, ta kama ƙugu kaɗan yadda sai tela zai gane. Yadin yana da kaushi, don haka ta yi wa wuyan shafi ta ciki da ƙyallen koriyar atamfar nan, wanda ya daɗe a ƙasan akwati yana jiran ranarsa.

A ɗakin Chamsiya, in an gama anko, ta mai biki ce ake ɗorawa a sama, ninkinta daban, wuya a waje. Kowace kwastoma ta san haka, balle yarinyar da ta yi rarrafe a ƙarƙashin teburin. Don haka da Raihana ta zo ɗauka, waya maƙale a kunne, Chamsiya ba ta ce mata ga taki ba. Tsoro take ji kada ta faɗa a ce a farke. Ta dai ɗora ta a sama, ta shafa ta sau ɗaya, ta rufe kwali.

Ranar tsayuwar, Malam Rachid ya ce ta tsaya nesa, kada ta shiga hoto, kada ta yi wa ɗan sanda gyaran wando. Ta ci kwalliya da shadda ruwan goro, domin ita ba ta san yadda ake zuwa taro da kayan gida ba. Ita da Confidence suka hau bas zuwa tashar cikin gari, suka biyo titin Elm da ƙafa, suka wuce masu shan kofi a waje da karnukansu. Tana ta sauraron ihu da jiniya, irin zanga-zangar da ta sani a gida, wadda ake fita da takalmin gudu. Ba ta ji komai ba. Sai da suka sha kwana ta gan su.

Sun jeru a gaban kotun, kai a sunkuye, dogayen hannaye na lilo ba yatsu. Ba waƙa, ba kwali, ba mai ko tari. Mutane sun tsaya tsallaken titi suna ɗaukar hoto, wasu na magana ƙasa-ƙasa kamar a gidan makoki. Wani mai mota ya leƙo ya faɗi abin da tarbiyyarsa ta ba shi, ba wadda ta ɗago. Chamsiya ta tsaya cak. Ita ta yanka, ita ta ɗinka, a ɗakinta suka kwana, amma ba ta san haka suke ba sai da mutane suka shiga ciki.

Ta fara bin layin da ido, ba ta sha wahala ba. Ga ta can kusa da ƙarshe, kafaɗa a zaune, ƙugu a kame, riga ta bi jiki kamar an zuba. Ta damƙi hannun Confidence. Duk shekarun nan, ashe idonta bai yi ƙarya ba. Ta manta da Malam Rachid da nasiharsa, ta tsallaka titi, ta matso har tana iya hango ɗan koren nan a gefen wuya. Ta ce a hankali, "Raihana."

Hular ta ɗago. Wata 'yar tsohuwar Baturiya ce, siririya kamar tsinken tsire, da tabarau da jan baki, ta yi mata murmushi mai daɗi ta mayar da kai ƙasa.

A kwali aka ajiye rigunan, kowace ta zo ta ɗauki wadda hannunta ya taɓa. Confidence ta cusa gyale a baki, kafaɗunta na rawa.

Chamsiya ba ta yi dariya ba. Ta koma bakin titi ta sake bin layin daga farko. Toka, toka, toka. Tsawo ya ɗan bambanta, shi ke nan. Ta bi daga ƙarshe ta dawo. 'Yarta na cikin matan nan, taku kaɗan tsakaninsu, sanye da ɗinkinta karo na farko tun ranar koriyar atamfa, abin da ta roƙa a sujada ba sau ɗaya ba, amma ba ta san wacce ba ce. Ta tuna yadda take gane kukanta a cikin kukan jarirai goma a gidan suna. Rana ta yi zafi, shaddar ta fara manne mata a baya, ba ta matsa inuwa ba.

Can, a tsakiyar layi, wata doguwa mai faɗin kafaɗa ta ɗaga ƙafa ɗaya a ƙarƙashin riga, ta sosa ƙwaurinta da ita.

Daga nan Chamsiya ba ta ƙara kallon kowa ba.

Da lokaci ya cika, layin ya watse, sai aka ga abin da masu shirin ba su yi tunani sosai a kai ba: zif ɗin a baya yake, hannu kuma a ɗinke. Kowace sai ta nemi mai yatsu. Mazaje da ƙawaye suka shigo ana dariya. Doguwar nan ta waiga, ta hango shadda ruwan goro, wadda ko daga jirgin sama za a hango, ta taho. Hular ta zamo mata har hanci, gumi na bin haɓarta.

"Mama, kin zo. Zuge min, zan mutu."

Da Hausa ta faɗa. Chamsiya ta ce ba a mutuwa a cikin ɗinkinta. Ba ta taɓa zif ɗin ba. Ta tura hular baya, ta share mata fuska da bakin mayafi, goshi, gefen hanci, ƙarƙashin haɓa. Raihana ba ta da hannun turewa, ko kuma ba ta nema ba, Allah ne ya sani. Sannan uwar ta zagaya bayanta. Yau kaɗai ta fito ba metir, sai ta ɗora tafin hannu a kan kafaɗar, ta fara aunawa da ɗani, babban yatsa na bin na tsakiya, yadda gwaggonta ke yi. Ta kai inda kafaɗar cikin kanta ta ƙare, ta Raihana ba ta ƙare ba. Ta ci gaba.

"Yaushe kika yi wannan kafaɗar?"

"Ta daɗe, Mama."

Bas ta wuce. Raihana na kallon gaba, ta ce kayan sallar ba sa shigarta. Tana gwadawa kowace shekara, a ɗakinta, ko kai ba ya wucewa wani lokaci. Suna nan duka a rataye. Na shekarun farko ne ba ta so, wannan gaskiya ne, amma daga baya ta so. Ta rasa yadda za ta ce wa Anti Chamsiya ta Glenwood ɗinkinta bai yi daidai ba.

Chamsiya ta buɗe baki, ita da ba ta taɓa rasa abin faɗa wa kowace Hajiya ba, sai ta kama zagin zif, wai na banza ne, ba ita ta saya ba.

A nan tsohuwar Baturiyar ta iso, an nuna mata wadda ta yi ɗinkin. Ta ce tun da take ba ta taɓa sa rigar da ta zauna mata haka ba, ko za a bar mata? Raihana ta kalli rigar, ta kalli ɗan koren da ke leƙowa a wuya, ta daɗe tana kallonsa. Chamsiya ta ce a faɗa wa baiwar Allah ta riƙe, dama ta wata yarinya ce da ba ta nan yanzu.

Da matar ta tafi, Raihana ba ta sake cewa a zuge ba. Ta gyara tsayuwa a gefen titi, mutane na wucewa, ta ɗaga ɗinkakkun hannayen nan biyu ta buɗe su kamar za ta tashi sama.

"Yi sauri, Mama. Ana kallonmu."

Chamsiya ba ta yi sauri ba. Ta auna hannu har wuyan hannu tana laluben ƙashin ta cikin yadi, ta auna baya, ta auna ƙugu, ta ce saki numfashin. Sai da ta gama tsaf sannan ta ja zif.

A bas ɗin komawa ta hana Confidence magana, wai kada awon ya zube. Kafin su rabu, Raihana ta ce akwai wata tsayuwar a wata mai zuwa, za a ƙara riguna, za ta kawo yadi ranar Lahadi in ta samu dama. Girma ɗaya, ba kamu. Chamsiya ta ce ta ji, wannan karon ko tauraruwa ba za ta auna ba.

Ranar Lahadin tun da safe ta share ɗakin baya, ta goge madubi har tsagar. Ta fito da wani leshi da ta ɓoye wa kwastomomi shekara da shekaru, ta shimfiɗa a tebur, ta zana sabuwar kafaɗar da alli, amma ba ta yanka ba. Ɗani ɗani ne, doka kuma doka ce. Ta rataya metir a wuya ta zauna. Duk bas ɗin da ta wuce taga ta yi karkarwa, sai ta ɗago kai, ko da yake ta san sarai da mota Raihana ke zuwa.